Mai Kwana Biyar da Mai Shekara Ashirin: Azola da Maɗaci a Fadamar Haɗeja

Idan ruwan Kogin Haɗeja ya fara ja da baya a watan Oktoba, yakan bar tafkuna da kududdufai birjik a cikin fadama. A irin waɗannan ruwaye masu kwanciya, inda iska ba ta cika kaɗawa ba, wani lokaci za ka tarar fuskar ruwa ta rufe ruf da wata shimfiɗa, koriya a gefen inuwa, ja-ja kamar garin jan bulo a inda rana ke duka. Mai wucewa zai ce gansakuka ce, wani ya ce 'ya'yan kainuwa ne. In ka tsuguna ka ɗebo a tafin hannu, sai ka ga kowane ɗigo cikakken tsiro ne da bai wuce faɗin farce ba, da 'yan rassansa, da ganyaye masu hawa kan juna kamar ɓawon jikin karfasa, da saiwoyi sirara kamar gashi suna reto a ƙasa. Masana tsirrai suna kiran ta azola.

Daga nan ka haura tudu, ka nufi inda tsofaffin itatuwa suke a bakin hanya ko a gefen gari. In ka yi sa'a za ka iske maɗaci, dogo, mai duhun ganye, wanda mutum biyu ba sa iya rungume gindinsa. Ka dubi jikinsa daga ƙasa zuwa iyakar inda gatari ke kaiwa. Da wuya ka same shi lafiya lau. Tabo ne a kan tabo, wani ya warke ya yi tudu, wani ɗanye yana nuna ja, domin duk wanda zazzaɓi ko ciwon ciki ya dama a unguwar ya san inda ake samun sassaƙe.

Da za a tambayi mutum wanne ne cikin biyun ke cikin haɗari, azola zai nuna, tunda yini ɗaya a kan busasshiyar ƙasa ya isa ya kashe ta. Amma a kundin da masana ke rubuta sunayen halittun da ake tsoron ƙarewarsu, maɗaci ne a ciki tun 1998. Azola kuwa, akwai ƙasashen da suka kashe kuɗi don su rage ta. Dalilin haka nake so mu bi daki-daki, domin wanda ya gane shi ya sami ma'aunin da zai auna kowane tsiro da kowace bishiya ta garinsu.

Ƙasar da ta haɗa su

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama Kogin Haɗeja. Yana bi ta Ringim ya nufo gabas, kuma yana matsowa Haɗeja ƙasa tana daɗa shimfiɗewa, gudunsa yana raguwa, har ya rarrabu: ga reshen Kafin Hausa, ga Burum Gana, ga Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, ga tsohon kogin. Can wajen Gashuwa ragowar ruwan ke haɗuwa da na Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Tsakanin waɗannan rassa akwai jerin jigayi, tsofaffin tuddan rairayi da suka miƙe kamar kunyoyin gona, da kwaruruka a tsakaninsu. Da damina ruwa ya cika kwaruruka, da rani ya janye. A kan wannan shiga da fita aka gina rayuwar Auyo da Kiri Kasamma da Guri: shinkafa in ruwa ya zo, kamun kifi in ya fara komawa, noman rani a kan danshin da ya bari, kiwo in ciyawa ta fito.

Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 a shekara ba. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. A riƙe kuma cewa ƙasar gida biyu ce, kwari da tudu. Azola 'yar kwari ce. Maɗaci yana son gefen tudu, inda saiwarsa za ta kai ga ruwan ƙasa, amma gindinsa ba zai shekara a cikin ruwa ba.

Dangin da ba sa fure

Yawancin tsirran da muka sani, daga gero har zuwa kuka, hanyarsu ɗaya ce: fure, sannan ɗa, sannan iri. Akwai wani babban dangi, mai nau'i sama da 10,000 a duniya, da bai san fure ba sam. Masu binciken duwatsu sun sami sawunsa na shekara kusan miliyan 360, tun kafin tsirrai masu fure su bayyana. Wurin sanyi da laima suke so, shi ya sa suka fi yawa a kurmin kudu, da jikin bishiyar kwakwar manja, da tsaunukan Mambila da Obudu. Tsofaffin masu magani a ƙasar Hausa sun san ɗaya daga cikinsu, wato agugu, saiwar da ake kawowa daga Adamawa don maganin tsutsar ciki, wadda likita J. M. Dalziel ya rubuta sunanta a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Saboda haka bari mu kira su dangin agugu.

Me ya hana su yawa a wajenmu? Yadda suke haihuwa. A madadin iri, wata ƙura suke fitarwa, mai laushi kamar garin kwalli. Idan ƙurar ta faɗi a wuri mai danshi, sai ta fitar da wani ɗan mitsitsin tsiro mai ɗauke da ƙwayar namiji da ta mace, kuma ƙwayar namijin iyo take yi a cikin ruwa kafin ta isa ga ta mace. In babu ruwa, ko da na raɓa ne, babu haihuwa. A ƙasar da take wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, 'yan wannan dangi ba su da mafaka sai tsagin dutse, da bangon tsohuwar rijiya, da cikin ruwan kansa. Azola ta zaɓi na ƙarshe, ta bar ƙasa gaba ɗaya ta koma yawo a kan ruwa. Irin tamu ta Afirka ana samun ta daga kwarin Kogin Sanagal har yankin Tafkin Chadi, da sauran ruwayen nahiyar masu ɗumi.

Baƙon da ke cikin ganye

Ganyen azola bai wuce ƙwayar gero ba, amma kashi biyu ne. Ɓangaren ƙasa siriri ne, shi ke taɓa ruwa ya riƙe ta kada ta nutse. Na sama mai kauri ne, kuma a cikinsa akwai wani ɗan ɗaki. A ɗakin nan wata ƙwayar halitta take zaune, mai launi tsakanin shuɗi da kore, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana sun daɗe suna kiran ta Anabaena azollae.

Ga aikin da take yi. Kowane tsiro yana buƙatar sinadarin naitirojin don ya yi ganye, shi ne abin da manomi ke saya a buhun yuriya. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, sai dai a ɗaure take, tsiro ba ya iya cin ta kai tsaye. Wannan baƙo ya iya kwance ta. Yana kamo ta daga iska ya mayar da ita abincin tsiro, ya miƙa wa azola, ita kuma ta ba shi masauki da abin da ganyenta ya sarrafa daga hasken rana. Manomin wake da gyaɗa ya san irin wannan zama, domin 'yan ƙululun da ke jikin saiwar wake aikinsu ke nan. Bambancin kawai, wake sai ya nemo nasa baƙon a cikin ƙasa kowace shuka, azola kuwa da nata ake haifar ta.

Da yake takinta yana cikin jikinta, girma ba ya yi mata wuya. Reshe ya yi tsawo ya ɓalle, ya zama sabon tsiro, shi ma ya yi rassa su ɓalle. In ruwa ya kwanta, zafi ya tsaya tsakanin digiri 20 zuwa 30, kuma akwai sinadarin fosfaros a ruwan, takan ninka kanta cikin kwana uku zuwa biyar. Mu ɗauki biyar mu yi lissafi. Kwano ɗaya yau, bayan kwana biyar kwano biyu, kwana goma huɗu, kwana goma sha biyar takwas, kwana ashirin goma sha shida, kwana talatin kwano 64. Idan rana ta yi mata yawa, ko sanyi ya matsa, ko abinci ya ƙaranta a ruwan, sai ta rine ta koma ja. Jan nan alamar wahala ce, kuma shi ke kare ta daga ƙunar rana.

To in tafki ya ƙafe fa? Kafin nan ta yi tanadi. A ƙarƙashin rassanta takan fitar da 'yan jakunkuna iri biyu, ɗaya cike da ƙurar namiji, ɗaya ɗauke da ƙwayar mace guda. A cikin jakar macen takan cusa kaɗan daga baƙon nan nata, kamar yadda uwa ke haɗa wa 'yarta gara. Jakunkunan su nutse cikin laka. Uwar ta bushe ta mutu, su kuwa suna kwance har ruwa ya dawo. Ga kuma agwagin ruwa da sauran tsuntsaye da ke kwasar ta a ƙafa da gashi daga wannan tafki zuwa wancan.

Manoman shinkafa na Sin da Biyetnam sun gane amfaninta tun da daɗewa. Wani littafin noma da Jia Sixie ya rubuta a Sin wajen shekara ta 540 ya ambace ta. Suna yaɗa ta a fadamar shinkafa, in ta rufe ruwa su tattake ta cikin laka ta ruɓe. Gwaje-gwajen da Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta jagoranta sun nuna shimfiɗa ɗaya da aka binne tana yin aikin kusan kilo 30 na naitirojin a hekta. Buhun yuriya mai kilo 50, naitirojin ɗin cikinsa kilo 23 ne. Ke nan ɗan tsiron da ake yi wa kallon dattin ruwa ya fi buhu guda.

Tafiyar maɗaci

Maɗaci, wanda masana ke kira Khaya senegalensis, ɗan uwan darbejiya ne, kuma ɗacin da ya ba shi suna gadon gidansu ne. Yana kai tsawon mita 30, kaurin gindinsa ya wuce mita ɗaya. Katakonsa ja ne, mai nauyi, mai ɗaukar sheƙi, shi ya sa kafintoci da masassaƙan kwale-kwale ke nemansa. Asalinsa daga Sanagal ne har zuwa Sudan da arewacin Yuganda, a yankunan da ke samun ruwan sama daga kimanin milimita 650 zuwa sama. Yanzu a tuna da adadin Haɗeja. Wato a nan maɗaci yana bakin iyakarsa ne, abin da sama ta rage masa ruwan ƙasa ke cike masa. Da yawa daga manyan da ake gani a jere a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Kaduna, da Yamai da Wagadugu, dashe ne na zamanin Turawa.

Mu bi haihuwarsa kamar yadda muka bi ta azola. Da rani yake fure, ƙananan furanni farare-farare a tsitstsinke, kuma ƙwari ne ke kai garin fure daga na namiji zuwa na mace. Ɗan da ya ƙullu yakan ɗauki watanni masu yawa kafin ya nuna, ya zama dunƙule mai tauri kamar ice, girman lemun tsami babba. In ya bushe sai ya tsage gida huɗu, iri masu faɗi da 'yar fiffike a gefe su zubo, iska ta kwashe su, galibi ba su wuce tafiyar mita 100 daga gindin uwa ba. Irin yana da mai a ciki, kuma ba ya jure ajiya. Sabo yana tsirowa cikin mako biyu zuwa uku in ya sami danshi, amma wanda ya yi 'yan watanni a zafi yawancinsa ya mutu. Ga bambanci na farko: jakar azola tana iya jiran ruwa, irin maɗaci ba ya jira.

Wanda ya tsira, shekararsa ta farko a ƙarƙashin ƙasa yake yin ta, yana tura doguwar saiwa neman ruwa, a sama kuwa 'yan ganye ne da akuya za ta gama da su a loma ɗaya. In ya kuɓuta daga akuya, ga fartanya. In ya kuɓuta daga fartanya, ga wutar daji. Bayan su akwai wata tsutsa, 'yar wani malam-buɗe-littafi na dare da ake kira Hypsipyla robusta, mai huda kan tsiron ta cinye cikinsa, sai ya fasa miƙewa ya yi rassa tun yana ƙasa. Ita ce ta sa gandun maɗaci zalla yake wuyar yi a Afirka ta Yamma. Wanda ya wuce duk waɗannan, sai ya shekara 20 zuwa 25 kafin ya fara zubar da nasa irin, kuma kafin ya isa katako na kirki ana maganar shekara arba'in zuwa sama. A tsawon lokacin da maɗaci ɗaya ke jiran haihuwar fari, azola, ko da rabin shekara kawai take samun ruwa, ta ninka kanta sau ɗaruruwa.

Abin da gatari ke yankewa

Mutane da yawa suna ɗaukar ɓawo kamar riga, a cire wata ta fito. Domin a ga kuskuren, sai an san yadda jikin bishiya yake daga waje zuwa ciki. Daga waje akwai busasshen ɓawo mai kare ta daga rana da wuta. A bayansa akwai ɗanyen ɓawo, kuma ta cikinsa abincin da ganye ya sarrafa ke gangarowa zuwa saiwa. Sai wata fata siririya mai santsi, wadda ita ce ke haifar sabon ɓawo ta waje da sabon ice ta ciki. Sannan icen kansa, inda ruwa ke bi daga saiwa ya hau zuwa ganye. Hanya biyu ke nan, ta ruwa a ciki tana hawa, ta abinci a waje tana sauka.

Idan aka sassaƙi gefe ɗaya kaɗan, abinci ya kewaye raunin, fatar nan ta riƙa rufe shi daga gefe a hankali, cikin shekaru. Idan kuwa wannan ya sassaƙi gabas, wancan ya zo ya sassaƙi yamma, har raunuka suka haɗu suka zagaye gindin, to hanyar abinci ta yanke. Abin da ke ruɗar mutane shi ne bishiyar ba ta nuna komai nan take. Ruwa yana ci gaba da hawa, ganye yana nan kore shar, wata da watanni, wani lokaci har shekara ta zagayo. A ƙasa kuwa saiwa tana cin ajiyarta. Ranar da ajiya ta ƙare, saiwa ta mutu, kan bishiya ya bushe, sai a ce ta mutu haka kawai, alhali tun bara aka kashe ta.

Sama ma ba a bar shi ba. A ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, maɗaci yana cikin itatuwa ƙalilan masu ɗanyen ganye, don haka makiyaya ke hawa su daddatse rassa wa shanu. Dabara ce tsohuwa, ta ceci garke da yawa. Sai dai rassan da ake sarewa su ne masu fure. Binciken da Orou Gaoue da Tamara Ticktin suka buga a 2008 a kan maɗatan Jamhuriyar Benin ya nuna yawan datsa yana rage 'ya'yan da bishiyar ke yi. Bishiya tana tsaye, ana shan inuwarta, amma haihuwa ta ragu.

Yanzu mu jera su. Ka kwashe rabin azolar kududdufi, mako mai zuwa ta cike gurbin. Ka zagaye gindin maɗaci ɗaya da gatari, ka ci aikin shekara arba'in cikin rabin sa'a. Ma'aunin da na ambata a farko ke nan: a dubi saurin ɗiba, a dubi saurin mayarwa. Duk abin da ɗibarsa ta fi mayarwarsa sauri, ƙarewa zai yi komai girmansa. Wanda mayarwarsa ta fi sauri, zai wanzu komai ƙanƙantarsa.

Da kogi ya sauya hali

An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun ba Kano ruwan sha, sun buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Auyo, kuma wannan alheri ne da ba a musu. Amma sun sauya numfashin fadama. Kafin su, ruwa kan mamaye fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka. A farkon shekarun 1990, bayan madatsun da kuma farin da aka sha, an yi shekarun da bai kai 1,000 ba. Sannan ruwan da ake saki da rani ya sa wasu rassan kogin suka daina ƙafewa. Kacalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyi, ta zama masaukin jan-baki. Sai ruwa ya riƙa kwana shekara a inda ba a saba ba, wasu wuraren kuma ya daina zuwa.

Wa wannan ya yi wa daɗi? Masu saurin haihuwa. Tsiro irin azola ko kainuwa ko kacalla, duk inda ruwa ya koma za su bi shi cikin damina ɗaya. Bishiya ba ta ƙaura. Inda ruwa ya zauna dindindin saiwarta ta rasa iska ta ruɓe, inda ambaliya ta daina kaiwa ruwan ƙasa ya yi nisa da ita. A kan wannan ga neman itacen girki da na bandar kifi, wanda ya daɗe yana cin bagaruwa da giyayya na fadamar. Saboda haka ganin kore ko'ina ba ya nuna fadama tana lafiya. Sai an tambaya, koren me?

Sauri ma yana da nasa sharri in ya fita daga gidansa. Wata azola 'yar asalin nahiyar Amurka ta shiga Afirka ta Kudu, ta rufe madatsu da tafkuna, ta hana haske da iska shiga ruwa, har sai da aka saki wani ɗan ƙwaro mai cin ta a 1997 kafin ta lafa. A 1999 wata 'yar uwarta mai suna salbiniya ta ɓalle a ƙasan Kogin Sanagal, inda madatsar Diyama ta riga ta kwantar da ruwa, ita ma da ƙwaro aka shawo kanta. Darasin a fili yake: mai son noman azola ya nemi ta gida, kada ya ɗauko baƙuwa ya zuba a kogi.

Me ake nufi da barazana?

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da kundi mai hawa-hawa. Matakai uku a cikinsa su ne na waɗanda ke fuskantar barazana: mai rauni, sai wanda ke cikin haɗari, sai wanda ya kai gargara. Maɗaci yana matakin farko. Madobiya, wadda aka yi wa sara ba ƙaƙƙautawa a Taraba da maƙwabtanta ana kai katakon Sin, ta hau mataki na biyu a 2018. A Nuwamban 2022, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama, ƙasashe suka sa maɗacin Afirka da kawo cikin jerin itatuwan da ba a fitar da katakonsu waje sai da takardar izini. A gida kuma, dajin Baturiya da ke fadamar Haɗeja ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi gandun daji na ƙasa.

Wani zai ce, yaya za a kira shi mai rauni, ga shi muna ganinsa, har a arewacin Ostareliya an dasa dubban hekta? Amsar tana ƙarƙashin bishiyar. Ka je gindin tsohon maɗaci ka zagaya taku ɗari kowane gefe, ka ƙirga masu kaurin yatsa, da masu kaurin damtse, da masu kaurin cinya. Garin da duk mutanensa dattawa ne, babu yaro babu saurayi, ko kasuwarsa na ci yau, an san inda ya dosa. Takardar Panama tana tsare tashar jirgin ruwa. Akuya da gatarin unguwa, mutanen unguwa ne kaɗai ke iya tsare su.

Abin da hannu zai iya

Ba wanda zai ce a daina shan jiƙon maɗaci ko a bar shanu da yunwa. Abin nema shi ne a daidaita ɗiba da mayarwa. Mai neman sassaƙe ya ɗauki siririn tsagi a tsaye, daga gefe ɗaya, kada ya kai gatari ga ice, kada ya sari kusa da raunin da bai rufe ba, kuma ɓawon reshen da aka riga aka sare ya fi na gindi sauƙin hasara. Makiyayi ya bar kan bishiyar da wasu manyan rassa, kada a datse guda shekara biyu a jere. Mai unguwa da sarkin noma da arɗo su zauna su ware wasu a matsayin iyaye, waɗanda ba mai taɓawa.

Da rani, in 'ya'yan suka fara tsagewa, a tattara irin a shuka nan da nan a 'yan ledoji a inuwa. In damina ta kankama a dasa a gefen tudu, a cakuɗa da wasu itatuwa don rage ɓarnar tsutsa, a kewaye da ƙaya ko kwando shekara uku na farko, a ba shi ruwa a raninsa na fari.

Ita kuwa azola, a ci moriyarta ba tare da fargaba ba. Ɗan rami mai zurfin taƙi guda, a shimfiɗa leda, a zuba ƙasa kaɗan da kashin shanu, a cika da ruwa, a jefa kwano ɗaya. In ta rufe ruwa a riƙa ɗibar kashi ɗaya cikin uku, a wanke, a gauraya da dusa wa kaji da agwagi da kifi, ko a kai fadamar shinkafa. In an busar da ita kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, amma ɗanyarta fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ce, don haka ƙari ce a kan abinci, ba ta isa ita kaɗai. Lokacinta kaka da hunturu. Zafin Afrilu na Haɗeja, da ke haura digiri 40, yana ƙona ta in ba ta da rumfa.

A nan biyun suka sake haɗuwa. Azola tana buƙatar inuwa mai ratsin haske, ɗan maɗaci yana buƙatar mai tunawa da shi kullum. Wanda ya haƙa ramin azola a bayan gida, ya dasa maɗaci taku kaɗan daga bakinsa. Duk safiyar da ya zo ɗibar abincin kaji, ruwan da ya wanke ta da shi ya zuba a gindin dashen. Azolar za ta biya shi ladan wahalarsa tun a makon farko, ta kuma riƙa dawo da shi wurin kowace rana, har dashen ya fi ƙarfin bakin akuya. Irin farko da bishiyar za ta zubar, yaron da ake goyo a gidan yau shi zai tsince shi, yana da gemu.